Yadda za ka riƙa bibiyar ƙarfen kafaɗa da hoto bayan tiyata

Tambayar nan ta yawaita, musamman daga ƴan'uwa na Aboabo, Asawase da Sawaba a Kumasi waɗanda aka canja wa iyayensu gaɓar kafaɗa, wasu a nan gida, wasu a Indiya ko Masar. An gama aiki, ciwo ya lafa, hannu ya fara ɗaguwa. To yaushe za a koma ɗaukar hoto, wane iri, kuma ta yaya ake gane ƙarfe ya fara kwancewa?

Abin da nake so kowa ya riƙe tun farko shi ne, hoto guda ɗaya ba ya isar likita. Abin da yake karantawa shi ne bambancin hoton bara da na bana, kamar mai gidan da ya ga tsaga a bango ya sa mata alama da alli don ya gani ko tana ƙaruwa. Kusan 9 cikin 10 na waɗannan gaɓoɓi suna wuce shekara 10 lafiya lau. Amma wanda zai kwance yakan fara ne shiru, ƙashi na cinyewa a bayan ƙarfe alhali mai shi bai ji komai ba, kuma ƙashin da ya tafi shi ne ke wahalar da gyara daga baya.

1. Ka san irin wanda aka sa

Iri uku ne aka fi yi, kuma kowanne da inda yake fara ba da matsala.

Akwai rabin gaɓa, inda aka canja kan ƙashin damtse kaɗai da dunƙulen ƙarfe, aka bar ƙoƙon allon kafaɗa yadda Allah ya halicce shi. A nan abin lura shi ne ƙarfen yana cin ƙoƙon a hankali.

Akwai cikakkiyar gaɓa a tsarin halitta: dunƙulen ƙarfe a damtse, ƙoƙon roba a allon kafaɗa, galibi an liƙa shi da simintin ƙashi. Wannan ƙoƙon roba shi ne ya fi kowane ɓangare yawan kwancewa bayan shekaru.

Sai juyayyiyar gaɓa, wadda aka kafa dunƙulen a allon kafaɗa da ƙusoshi, aka mayar da ƙoƙon kan damtse. Ana yin ta ne idan jijiyoyin da suka kewaye kafaɗa sun lalace ko kan ƙashin ya farfashe a jikin dattijo. A ita ana duba ƙusoshin, da ƙashin da ke ƙarƙashin dunƙulen, da kuma tsinin allon kafaɗa na sama wanda yakan tsage saboda ja.

Idan Alhaji ko Hajiya ba su san nasu ba, yana nan rubuce a takardar tiyata.

2. Tattara takardu, ka nemo hoton farko

Ka samu jaka ɗaya ta roba mai zif, ka zuba: takardar sallama, bayanin tiyata da likita ya rubuta, katin ƙarfen ko ƴan takardun manne masu sunan kamfani da girma da lamba, sai hotunan kafin aiki da na bayan aiki.

Cikin duka, hoton da aka ɗauka a kwanakin farko bayan tiyata ya fi daraja, don shi ne ma'aunin da za a riƙa gwada sauran da shi har ƙarshen rayuwa. Lambar ƙarfen kuma ranar da ake neman gyara ne za a san amfaninta, domin kayan wani kamfani ba sa shiga na wani, kuma kowanne da kayan cire shi.

Gargaɗi: wanda za a yi wa aiki a waje, kada ya hau jirgin dawowa sai waɗannan suna hannunsa. In ka riga ka dawo fa? Ka rubuta wa asibitin yau, ka ba su lambar fayil ɗinka, ka ce su turo bayanin tiyata da hotunan ta imel. Idan ba a samu ba, ka je a ɗauki sabo yanzu ya zama shi ne na farko, ba sai ciwo ya taso ba.

3. Likita ɗaya, da ranakun da ba sa tashi

Kana buƙatar likitan ƙashi ɗaya a gida wanda zai san kafaɗar. A Kumasi akwai sashen ƙashi a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke ce wa Gee. A Accra akwai Korle Bu da asibitin soja na 37. Manyan asibitocin nan na turawa ne, saboda haka ka fara karɓo takardar turawa daga ƙaramin asibitin da kake zuwa, musamman in da katin inshora za ka shiga.

Tsarin da yawancin likitoci ke bi bai wuce haka ba: hoto nan da nan bayan aiki, sai wajen mako 6, sai wata 3, sai shekara 1. Daga nan duk shekara ko duk shekara biyu. Wanda ya yi maka aikin yana iya ba ka wani tsari dabam, nasa za ka bi. A ganina, mai sikila da aka canja wa kafaɗa yana matashi saboda mutuwar kan ƙashi, da mai ciwon suga, da mai shan taba, da mai aikin ƙarfi, bai kamata su tsallake shekara ba. Haka duk wanda ƙarfensa ya doshi shekara 10.

Ka ɗaura ranar da abin da ba ka mantawa, misali makon da ke bin Babbar Sallah. Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki ba wani ba ne illa "ai ba na jin ciwo". Mutane sukan zo shekarar farko, su zo ta biyu, sai kuma a ji shiru har ranar da hannu ya ƙi ɗaguwa.

4. Kuɗi

Eksire shi ne mafi araha, kuma shi ne ginshiƙin bibiyar gaba ɗaya. Yana cikin abin da inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ke ɗauka a asibitocin da ta amince da su, shi da sikanin, wato ultrasound irin wanda ake yi wa masu ciki. Ka duba ko katinka yana aiki tun kafin ranar. Ana sabunta shi ta waya da *929#. A wurare masu zaman kansu ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa na hoto ɗaya ne ko na duka fuskokin da likita ya rubuta, ko ya haɗa da rahoton likitan hoto da faifai. Hoton CT ya ninka eksire sau da yawa, MRI ya fi shi, kuma kada ka ɗauka kati zai biya su sai ka tambaya a teburin inshora. Ƙarfen kansa, da jinyar ƙasar waje, ba sa cikin abin da inshorar ke biya. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a kashe ƴan sidi kowace shekara a kan eksire.

5. Ranar ɗaukar hoto

A nan ake ɓata aiki ko a gyara shi, don haka zan ɗan daɗe.

Ka tafi da takardar likita da tsofaffin hotuna. Ka sa riga mai sauƙin cirewa. Sarƙa, laya, carbi a wuya, biro a aljihu, duk a cire. Mata su cire fil ɗin hijabi da rigar nono mai ƙarfe, a ɗaure kitso ko gashin da aka ƙara zuwa sama, don yakan bar inuwa a kan kafaɗa. Hajiyar da ta fi son mace ta tsayar da ita ta faɗa tun a teburin rajista, ba sai an kai ga cire mayafi ba. Mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin ta shiga.

Fuska ɗaya ba ta wadatarwa. Mafi ƙaranci biyu ne.

Ta farko ita ce ta gaba wadda ake kira Grashey. Za ka jingina baya da allon injin, sannan a karkata jikinka wajen digiri 35 zuwa 45 zuwa ɓangaren da aka yi wa aiki, har allon kafaɗarka ya kwanta daidai da allon injin. Dalili shi ne allon kafaɗa a karkace yake zaune a bayan ƙirji. Idan aka ɗauke ka a miƙe kamar hoton ƙirji, dunƙulen ƙarfe zai hau kan ƙoƙon ya rufe daidai wurin da ake son gani. Alamar an ɗauka daidai: za ka ga ɗan fili a sarari tsakanin dunƙule da ƙoƙo.

Ta biyu ita ce ta hammata. Za a buɗe hannunka gefe, haske ya ratsa ta hammata. Ita ce ke nuna ko gaɓar ta zame gaba ko baya, da yadda ƙashin bayan ƙoƙon yake. Idan hannu ba ya buɗuwa, kada a matsa. Akwai wata fuska da ake ɗauka kana tsaye ka ɗan jingina baya, hannu a manne da jiki. Likita yakan ƙara da wadda ake juya hannu ciki da waje, da kuma ta gefe.

Kafin a danna, ka miƙa tsohon hoton ka ce: "Maigida, don Allah ga na bara. Dokta ya ce a tsayar da Baba kamar yadda aka tsayar da shi a nan, kuma ƙarshen ƙarfen ya fito." Mai ɗaukar hoto da ya san aikinsa zai ji daɗin haka.

Gargaɗi: kafin ka fita, ka duba abubuwa uku a kan kwamfuta ko fim. Sunan mai hoton da kwanan wata daidai ne? Akwai alamar dama ko hagu? Sandar ƙarfen da ke cikin damtse ta fito har ƙarshenta, da ɗan ƙashi a ƙasa da ita? Hoton da ya yanke tsinin sandar bai cika ba, don can ne tsagewa takan ɓuya. Gara a sake a take da ka sake biyan mota wani mako.

Idan da hali, ka riƙa zuwa wuri ɗaya kowace shekara. Ɗan bambancin tsayuwa kaɗai yana iya ɓoye layin da ke nan, ko ya nuna kamar ƙarfe ya karkace alhali bai motsa ba. Masu tsoron hasken eksire kuma su kwantar da hankali: na kafaɗa bai wuce abin da jiki ke sha daga ƙasa da iska cikin ƴan kwanaki ba.

6. Karɓa da adanawa

Ka nemi asalin hoton a faifai ko filashi, irin wanda likita zai buɗe a kwamfuta ya ƙara girma ya auna. Abin da ake aunawa milimita ne, bugun takarda ba ya nuna shi. Fim kuma ya zauna cikin ambulan ɗinsa a kwance, nesa da rana da laima, kada a naɗe shi. Ka rubuta shekara da manyan lambobi a bayan kowace ambulan.

Idan za ka tura wa likitan waje ta WhatsApp, ka ɗora fim a kan farin allon kwamfuta mai haske, ka kashe fitilar ɗaki da ta waya, ka riƙe wayar a saitin tsakiya, sannan ka tura shi a matsayin fayil don kada ya dushe. Hoton fim da aka ɗaga a taga, ana hango rufin maƙwabta ta cikinsa, ba ya amfanar kowa.

7. Zama da likita a jera hotuna

Kada ka tsaya a kan rahoton da aka buga. Likitan hoto sau da yawa bai ga na bara ba. Ka kai wa likitan ƙashi duka, a jera su daga na farko zuwa na yau.

Abu na farko da zai nema shi ne siririn baƙin layi tsakanin ƙashi da siminti, ko tsakanin ƙashi da ƙarfe. Wannan layi yana tsorata mutane fiye da kima. Yana fitowa a jikin mutane da yawa, wani lokaci tun a hoton farko, kuma ya zauna shekaru bai ƙaru ba. Mai irin wannan ba a taɓa shi. Wanda ke tayar da hankali shi ne layin da ya kai faɗin milimita 2, ko ya kewaye ƙoƙon gaba ɗaya, ko kuma yake ƙara faɗi da tsawo daga hoto zuwa hoto. A ɓangaren damtse ana raba kewayen sandar gida 8. Idan layi mai milimita 2 ya bayyana a gida 3 ko fiye, ana ɗaukar sandar tana cikin haɗari.

Na biyu shi ne motsi, kuma ya fi layi ƙarfin hujja. Ƙoƙon ya karkace? Sandar ta nutse cikin ƙashi? Siminti ya tsage, ko ƙusa ta karye? Ƙarfen da ya bar inda yake a hoton farko ya kwance, ko da layin bai fito sosai ba.

Na uku, ramukan da ƙashi ya narke. Robar tana gogewa da shekaru, jiki kuma yana yaƙar garin da ke zuba daga gare ta, a cikin yaƙin ne ƙashi ke cinyewa. Filin da ke tsakanin dunƙule da ƙoƙo idan yana raguwa, alamar robar ce ke ƙarewa.

Na huɗu, ga mai gaɓa ta tsarin halitta, likita zai duba ko dunƙulen ya haura sama. In ya haura, jijiyoyin sama sun saki ke nan, dunƙulen zai riƙa danna bakin ƙoƙon maimakon tsakiyarsa, yau ya danna sama gobe ƙasa, har ya girgiɗe shi. Ga mai juyayyiya kuma zai duba ƙasan dunƙulen, inda bakin roba ke gugar ƙashi ya yi masa gurbi. Ana ba wannan gurbi mataki daga 1 zuwa 4. Ƙarami ba ya hana komai, amma wanda ya wuce ƙusar ƙasa yana bukatar sa ido sosai.

Kafin ka tashi ka yi tambaya uku: "Dokta, akwai abin da ya canja daga bara? Milimita nawa? Yaushe zan dawo?" Ka rubuta amsar a bayan ambulan. Idan Mma ba ta jin Turanci ko Twi sosai, wanda ya rako ta ya fassara mata komai a nan gaban likita, kada a bari sai an hau mota.

8. Idan an ga abin shakka

Ba tiyata ake fara yi ba. Yawanci za a matso da hoto na gaba zuwa wata 3 ko 6, ko a tura ka CT. CT ya fi eksire ganin bayan ƙoƙon da yawan ƙashin da ya rage. Ka gaya musu tun wajen karɓar rana cewa akwai ƙarfe, ka tambaya ko injinsu yana da tsarin rage ƙyallin ƙarfe, don in babu shi, hasken da ke tartsatsi daga ƙarfen yakan rufe wurin. Sikanin kuwa don jijiyoyi ne, yana da araha kuma ƙarfe ba ya dame shi sosai. MRI ma ana iya yi da mafi yawan ƙarfen zamani, amma ka kai katin ƙarfen su gani tukuna.

Tambayar da dole a amsa ita ce: kwancewar ta tsufa ce, ko ƙwayar cuta ce ta shiga? A hoto suna iya kama da juna, amma maganinsu ya bambanta ƙwarai. Kafaɗa tana da wata ƙwaya ta musamman, Cutibacterium acnes, wadda ke zaune a fatar mutum, ta fi yawa a jikin maza. Ba ta kawo zazzaɓi ko mugunya kamar sauran. Abin da kawai za a ji shi ne ciwo da sanƙarewa da ba su da dalili. Gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna kumburi a jiki, ma yakan fito lafiya alhali tana ciki. Ƙarfen da ya fara kwancewa cikin shekara biyu na farko, ita ake fara zargi. Likita zai iya zuƙo ruwa daga gaɓar da allura ko ya ɗebo ɗan nama, kuma sai an bar shi a ɗakin gwaji har kwana 14, don a hankali take tsirowa.

Gargaɗi: kada ka sayi kafso ko wani antibayotik a kemis saboda kafaɗa na ciwo. Zai ɓoye ƙwayar a gwaji ba tare da ya kashe ta ba. Idan ka riga ka sha, ka faɗi sunansa da ranar da ka daina. Galibi sai an jira mako 2 kafin a ɗebi ruwan. Haka kuma kada ka yarda a yi maka allurar kashe ciwo a cikin gaɓar sai da sanin likitan ƙashi.

9. Tsakanin hoto da hoto

Kada ka jira ranarka idan ciwo ya dawo bayan ya daɗe da tafiya, musamman mai hana barci ko mai tasowa da zarar ka fara motsa hannu. Haka in kana jin ƙas-ƙas ko wani abu na zamewa a ciki, ko hannun da ke kaiwa kai jiya yau ba ya kaiwa. Faɗuwa daga babur ko a banɗaki, kumburi da zafi, ruwa na fita daga tabon, siffar kafaɗa ta canja: waɗannan na sashen gaggawa ne a ranar.

Ina girmama masu ɗori da wanzamai, sun yi wa al'ummarmu hidima. Amma kafaɗar da ke da ƙarfe ba ta ja ba ce, ba ta murza da ƙarfi ba ce, kuma ƙaho ko tsaga a kanta ƙofa ce ga ƙwayar cuta.

Sai batun kaya. Likitoci da yawa suna iyakance mai juyayyiyar gaɓa a wajen kilo 10, ka tambayi naka iyakar. Galan ɗin Kufuor, babbar jarkar nan ta ɗiban ruwa, cike da ruwa ya haura kilo 20. Dakan fufu, tuƙin tuwo a babbar tukunya, ɗora kaya a ka a kasuwar Kejetia, rataya da hannu ɗaya a ƙofar motar haya ta trotro, duk suna aiki a kan ƙoƙon nan. Wajen tashi daga sujada ma a dogara da ɗaya hannun da gwiwoyi. Mai niyyar Hajji ya yi hoto kafin tafiya, ya riƙe katin ƙarfen saboda na'urar filin jirgi.

10. Idan aka ce sai an sake aiki

Ba duk ƙarfen da ya nuna alamar kwancewa ake cirewa ba. Dattijon da ba ya jin ciwo, kuma ƙashinsa ba ya raguwa, ana iya ci gaba da dubansa kawai. Ana sake aiki ne idan ciwo ya hana rayuwa, ko ƙashi na tafiya da sauri, ko an tabbatar da ƙwayar cuta. Sau da yawa ta tsarin halitta ana mayar da ita juyayyiya, wani lokaci da ƙarin ƙashi a cike gurbi. Idan cuta ce, aikin kan zama biyu: a cire ƙarfe a sa simintin da ke ɗauke da magani, a sha antibayotik na makonni, sannan a sa sabo.

Aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada, saboda haka ba laifi ba ne ka nemi ra'ayin likita na biyu, ka kai masa jakar nan gaba ɗaya har da faifan CT. Ka tambayi wanda zai yi aikin ko ya saba sake gaɓar kafaɗa, ko kayan cire irin ƙarfenka suna nan ko sai an yi oda, da jimillar kuɗin ƙarfe da gado da gashin ƙashi a rubuce. Ka kuma tabbatar za a ɗebi nama daga wurare da dama a lokacin aikin a kai gwaji, a riƙe shi kwana 14.